Yadda na tantance gidan kula da tsofaffi kafin mahaifina ya koma

Kafin in taka ƙafa a kowane gidan kula da tsofaffi, takarda da biro na fara ɗauka. Na rubuta abubuwa shida da likitocin tsofaffi suke auna ƙarfin mutum da su, waɗanda Dokta Sidney Katz ya tsara a shekarar 1963: wanka, sa tufafi, shiga banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci. A gaban kowanne na rubuta ɗaya daga cikin uku: mahaifina yana yi da kansa, yana yi idan akwai mai tsaya masa, ko kuwa sai an yi masa. Na ƙara da lokacin da abin ya fi ba shi wuya, domin tsohon da ke zuwa banɗaki shi kaɗai da hantsi ba lallai ne ya iya da ƙarfe uku na dare ba, lokacin da barci ke idonsa, ƙafa kuma ta yi nauyi. A ƙasa na jera rukuni na biyu: shan magani a kan lokaci, amfani da waya, riƙe kuɗi, wanki, girki. Waɗannan su ne suke fara kuɓucewa, tun wanka bai gagara ba.

Wannan takardar ita ce ma'aunin duk abin da ya biyo baya. Wanda ya tafi babu ita, gini zai je kallo, kuma gini ba ya ɗaga mutum idan ya faɗi. Ita ce kuma za ta gaya maka irin gidan da kake nema tun farko. Akwai gidan da ake taimaka wa tsoho da wanka, abinci da magani, amma yana zaune a ɗakinsa yana tafiyar da ranarsa. Akwai gidan jinya, inda ma'aikatan jinya masu lasisi suke nan dare da rana saboda masu buƙatar allura, wankin gyambo ko bututun fitsari. Sunayen sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har a ƙasa ɗaya ma. A Amurka, misali, jihohi ne ke ba irin gidan farko lasisi, kowace da ƙa'idarta, ba gwamnatin tarayya ba. Saboda haka ban dogara da abin da aka rubuta a allon ƙofa ba. Na riƙa tambaya kai tsaye: me lasisinku ya ba ku damar yi, me kuma ya hana ku?

Mataki na biyu likita ne. Na nemi a yi wa Baba gwajin tashi da tafiya: a zaunar da shi a kujera mai hannu, ya miƙe, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo, ya zauna. Wanda ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, ana lissafa shi cikin masu haɗarin faɗuwa. Na nemi a auna hawan jininsa yana kwance, a sake aunawa bayan ya miƙe. Idan lambar sama ta sauka da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti uku da tsayuwa, to jirin da yake ji da safe yana da dalili, kuma sau da yawa magani ne dalilin. Na kwashe duk magungunansa a jaka guda na kai, har da waɗanda yake saye da kansa. Tambayar da ta fi amfani a wannan zaman ita ce: nan da shekara ɗaya ko biyu, me ake tsammanin zai ƙaru a buƙatarsa? Gidan da ya dace da shi yau kawai, ƙaura ta biyu yake jiran ka da ita, kuma ƙaura tana taɓa tsoho fiye da yadda 'ya'yansa suke zato.

Takardun gida ba su ɗaukar lokaci. Lasisi, da ranar ƙarewarsa, da yawan mutanen da aka yarda a ajiye. Sai rahoton hukumar da ke duba su. A Ingila hukumar CQC tana wallafa rahotonta a intanet da maki mai hawa huɗu. A wasu wuraren sai ka nema a hannun manaja. Kada ka tsaya a rahoto ɗaya, karanta biyu ko uku a jere. Babu gidan da ba a samun kuskure a cikinsa, amma laifin da aka rubuta bara aka sake rubuta shi bana, wannan hali ne. Manajan da ya yi ta kewaye-kewaye a kan rahoto ya riga ya ba ka amsa.

Gani ya kori ji. Ziyarar farko da alƙawari ake yin ta, kuma abin da suka shirya shi za ka gani: ɗakin da ya fi haske, ma'aikaciyar da ta fi fara'a. Ba laifi ba ne, haka kowa zai yi. Amfaninta shi ne ka san hanyoyin gidan da fuskokin mutane. Ziyarar da ke nuna gaskiya ita ce wadda ka zo babu sanarwa, kuma lokuta uku na zaɓa da gangan: lokacin cin abinci, da yamma sa'ad da masu aikin rana ke miƙa wa na dare, da ranar hutun ƙarshen mako da manaja ba ya nan. Gidan da ya ce ba a zuwa sai da alƙawari ko bayan an kawo mutum, na cire shi daga lissafi.

A nan zan daɗe, domin a ganina ingancin gida yana hannun waɗanda suke kwana a cikinsa suna aiki. Idan ka tambayi yawan ma'aikata, za a ba ka adadi mai daɗin ji wanda ya haɗa da mai girki, mai gadi, direba da sakatare. Tambayar da ta dace ita ce: daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe, mutum nawa ne suke a farke, a wannan hawan benen, waɗanda aikinsu taɓa jikin tsofaffi ne? Sai ka yi lissafi da kanka. A ce mutum 30 ne a gidan, ma'aikata masu kwana kuma biyu. Idan akwai tsoho ɗaya da ba ya tashi sai mutum biyu sun ɗaga shi, to duk mintocin da ake canza masa kaya, sauran 29 ba su da kowa. A daidai irin wannan lokacin ne wani yake danna ƙararrawa, ya jira, fitsari ya matse shi, ya ce bari in gwada da kaina. Sau da yawa faɗuwar dare haka take farawa. Saboda haka na haɗa da tambaya ta biyu: mutum nawa ne a gidan yanzu suke buƙatar mutum biyu wajen ɗagawa?

Na nemi ganin jadawalin aiki na watan da ya wuce, ba na wata mai zuwa ba. Na mai zuwa fata ne, na wanda ya wuce shi ne abin da ya faru. A ciki ake ganin inda aka soke suna aka rubuta wani, inda mutum ɗaya ya haɗa rana da dare, da yawan ma'aikatan haya da ake kirawo daga waje su cike gurbi. Ma'aikacin haya yana iya zama ƙwararre, amma bai san cewa wannan tsohuwar ba ta faɗin tana jin ciwo sai dai ta ƙi abinci ba, kuma bai san wanda ruwa ke sarƙewa ba. Na riƙa tambayar ma'aikatan da kansu, cikin hira, tun yaushe suke aiki a nan. Idan duk wanda ka tambaya ya ce watansa biyu ko uku, akwai abin da ke korar mutane daga gidan, kuma abin da ya kori ma'aikaci zai taɓa mahaifinka. Haka ma kujerar manaja: idan an canza ta sau da yawa a ɗan lokaci, babu mai riƙe da tsarin.

Ƙararrawa kuwa gwada ta ake yi. Na nemi izinin wani mazaunin gidan, ya danna, na duba agogo. Gidaje masu na'urar zamani suna iya fitar maka da takardar da ke nuna tsawon lokacin da kowane kira ya ɗauka kafin a amsa; nemi ta dare. Duba kuma inda igiyar take. A banɗaki dole ta sauko kusa da ƙasa, saboda wanda ya fi buƙatarta yana kwance ne a kan tayil. Sau da yawa za ka tarar mai shara ya naɗe ta ya rataye sama don kada ta jiƙe.

Sauran abin kunne da ido ne. Ana ƙwanƙwasa ƙofa kafin a shiga? Ana kiran tsoho da sunan da yake so, ko ana yi masa magana kamar yaro? Ana maganarsa a gabansa kamar ba ya nan? Idan ma'aikaci ya matso, jikin tsohon yana saki ko yana ɗarare? Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida na masu shekara 60 zuwa sama yana fuskantar wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, kuma a binciken da aka yi a gidajen kulawa, biyu cikin uku na ma'aikata sun amsa da bakinsu cewa sun aikata wani abu irin wannan a shekarar da ta gabata. Yawancinsa ba bugu ba ne. Tsawa ce, da sakaci, da barin mutum cikin jiƙaƙƙen kaya, kuma tushensa galibi gajiya ne da ƙarancin hannu. Shi ya sa lissafin masu kwana ya fi komai. Na tambayi yadda ake binciken tarihin ma'aikaci kafin a ɗauke shi, da wanda ake kai wa ƙara idan manajan ne da kansa ake ƙorafi a kai.

Hanci ma yana aiki. Zarnin fitsari a ɗaki ɗaya na ɗan lokaci ba komai ba ne, yanzu abin ya faru. Zarnin da ya kama labule da kujeru a duk faɗin gidan yana nufin ba a canza wa mutane kaya da wuri. Ƙamshi mai ƙarfi da aka fesa ko'ina shi ma abin tambaya ne.

Daga nan sai faɗuwa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa kowace shekara, a gidajen kulawa kuwa kashi 30 zuwa 50. Don haka manajan da ya ce ba a faɗuwa a gidansu, ko dai ba ya rubutawa ko ba ya faɗin gaskiya. Abin da nake son ji shi ne abin da suke yi bayan an faɗi: wa ke duba mutumin kafin a ɗaga shi, a wane hali ake kiran motar asibiti, cikin wane lokaci ake sanar da iyali, da wa ke zama ya binciki dalili. Ga tambaya ɗaya da ke raba masu sani da marasa sani: idan mai shan maganin tsinka jini, irin su wafarin, ya bugi kansa amma ya ce lafiyarsa ƙalau, me za ku yi? Amsar ita ce asibiti, nan take, domin jini yana iya taruwa a cikin kai a hankali ba tare da alama ba sai bayan sa'o'i.

Na tafi da tef ɗin awo da ƙaramin ma'aunin zafi. Faɗin ƙofa, idan an buɗe ta, kada ya gaza santimita 81, in ba haka ba keken marasa lafiya zai sha wahalar wucewa. Ƙarfen riƙewa a banɗaki ya kasance tsakanin santimita 84 da 91 daga ƙasa, kuma a ɗaure yake a bango da kusoshi. Na kama kowanne na ja da nauyina. Ƙarfen rataye tawul ba ƙarfen riƙewa ba ne, amma shi tsoho zai kama idan babu wani. Mazaunin masai mai tsayin santimita 43 zuwa 48 ya fi sauƙin tashi ga mai ciwon gwiwa. Wurin wanka kada ya zama da dakalin da sai an tsallaka, kuma a sami kujerar wanka. Gangaren keke kada ya wuce hawan santimita 1 a kowane tsawon santimita 12. Sai hasken dare tsakanin gado da banɗaki, da ƙananan darduma masu naɗewa a baki, da tayil mai sheƙi da ke santsi in ya jiƙe.

Ruwan zafi yana da sarƙaƙiya. Ana ajiye shi a tanki a kan digiri 60 don kashe ƙwayar lejiyonela mai kawo ciwon huhu, amma ruwa mai wannan zafin yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙu, fatar tsoho kuma siririya ce, hannunsa ba ya saurin janyewa. Maganin abin shi ne na'urar gauraya ruwa a kusa da famfo, wadda ke sauke zafin zuwa wajen digiri 43. Na buɗe famfon ɗakin da aka nuna mini na bar shi ya zuba minti ɗaya, na auna.

Ƙarfen gefen gado yana yaudarar iyali, sai su ga kamar kariya ce. Tsohon da ya rikice yakan yi ƙoƙarin haurawa ta samansa ya faɗo daga wuri mafi tsayi, ko kuma wuyansa ko ƙirjinsa ya maƙale tsakanin ƙarfen da katifa. Gado mai sauka ƙasa sosai da shimfiɗa mai laushi a gefensa ya fi aminci ga yawancin mutane. Gidan da ke ɗaure mutum a kujera da zane ko ɗamara da sunan kada ya faɗi, ban sake komawa ba.

Magani shi ne wuri na biyu da na daɗe. Na nemi a nuna mini ɗakin ajiyar magani da takardar da ake sa hannu duk lokacin da aka ba mutum ƙwaya. Abin dubawa a takardar shi ne gurabe: akwatin da babu sa hannu, babu kuma bayanin dalili. Gurbi yana nufin ko ba a bayar ba, ko an bayar ba a rubuta ba, kuma na biyun yana iya sa wani ya sake bayarwa. Akasin haka ma abin zargi ne, wato shafin da aka cike duka da biro ɗaya da hannu ɗaya har na kwanakin da mai hannun ba ya aiki. Firjin magani ya zama daban da na abinci, yana tsakanin digiri 2 da 8, kuma ana rubuta zafinsa kullum. Kwalbar insulin da aka buɗe a ga ranar buɗewa a jikinta, domin yawancinsu kwana 28 ne wa'adinsu bayan buɗewa. Na tambayi wa ke raba magani da dare, wane horo aka yi masa, da abin da ake yi idan mutum ya ƙi sha. Niƙa ƙwaya a zuba a abinci ba tare da izinin likita ba kuskure ne mai haɗari, saboda wasu ƙwayoyin an yi su ne su narke a hankali cikin sa'o'i, idan aka niƙa sai duk ƙarfinsu ya shiga jiki lokaci guda.

Akwai jerin magungunan da likitoci suka san suna cutar da tsofaffi fiye da amfaninsu, wanda Dokta Mark Beers ya fara fitarwa a 1991 kuma ake sabunta shi har yau. A ciki akwai ƙwayoyin barci irin su diyazifam, wanda aka fi sani da Valium, masu kawo jiri da faɗuwa da rikicewa. Game da magungunan taɓin hankali da ake ba masu cutar mantuwa don su natsu, hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kansu tun 2005, saboda suna ƙara haɗarin mutuwa ga irin waɗannan tsofaffin. Suna da wurinsu, amma ba su ne matakin farko ba. Idan ka shiga falo da ƙarfe goma sha ɗaya na safe ka tarar yawancin mutane kai a sunkuye, baki a buɗe, kada ka ce gidan akwai natsuwa. Tambayi mutum nawa ne ke kan irin waɗannan magungunan, da wa ke sake duba su, kuma duk wata nawa.

Lokacin abinci na zauna na kalla. Wanda ba ya iya ci da kansa, ana zama kusa da shi a ba shi a hankali, ko ana tsaye a kansa ana tura cokali? Ana ɗauke faranti a cike ba tare da kowa ya rubuta ba? Mai wahalar haɗiya a zaunar da shi sosai, ya kuma ci gaba da zama aƙalla minti 30 bayan ya gama, don kada abinci ya bi hanyar numfashi ya zama ciwon huhu. Kofin ruwa ya kasance inda hannu zai kai, domin jin ƙishirwa yana raguwa da tsufa, mutum sai ya bushe bai nema ba. Gidan kirki yana auna nauyin kowa aƙalla sau ɗaya a wata. Raguwar kashi 5 cikin ɗari a wata ɗaya, ko kashi 10 a wata shida, magana ce ta likita. Sau da yawa dalilin ƙarami ne, kamar haƙoran roba da suka daina zama daidai.

Ga wanda ke yawan kwanciya ko zama, gyambon kwanciya ne abin tsoro. Yana farawa a inda ƙashi ke danna fata: ƙasan baya, ƙugu, dugadugai. Alamar farko ja ne wanda ba ya washewa idan an danna shi da yatsa. A baƙar fata kuwa jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu, ya yi ɗumi ko tauri, kuma ma'aikacin da ba a koya masa wannan ba zai wuce shi. Na tambayi duk sa'o'i nawa ake juya marasa motsi, na nemi ganin takardar juyawar. Abin da aka saba shi ne wajen sa'o'i biyu, a ƙara ko a rage gwargwadon katifa da yanayin fatar.

Ko da mahaifinka ba shi da cutar mantuwa yau, tambayi abin da za su yi idan ta zo. Kusan shida cikin goma na masu ita sukan fita su ɓace aƙalla sau ɗaya, saboda haka ƙofar waje da ke ƙara idan an buɗe, da fili mai shinge inda mutum zai zaga ba tare da an tsare shi ba, suna da muhimmanci. Na kuma gwada ma'aikata da wannan: idan tsohon da ke cikin hankalinsa jiya ya tashi yau yana sambatu bai gane ɗakinsa ba, me za ku ce? Wanda ya ce tsufa ne, ya faɗi gwajin. Rikicewar da ta zo cikin sa'o'i ko kwana ɗaya yawanci ciwo ne a jiki: cutar mafitsara, ciwon huhu, bushewa, rashin yin bayan gida, ko sabon magani. Sau da yawa tana warkewa idan an kama ta da wuri.

Gobara da wutar lantarki ba su ɗauke ni lokaci ba, amma ban tsallake su ba. Na duba na'urar jin hayaƙi a ɗakuna, kwanan watan da ke jikin tukunyar kashe gobara, da ƙofofin fita, ko an toshe su da keke ko an sa musu kwaɗo. Na tambayi yaushe aka yi atisayen fitar da mutane na ƙarshe, kuma ko an taɓa yin sa da adadin ma'aikatan dare, tunda ba a hawa lif idan gobara ta tashi, masu keke kuma suna sama. Janareto yana ɗaukar firjin magani da na'urar iskar numfashi? Game da cututtuka masu yaɗuwa, annobar korona ta 2020 ta nuna yadda suke cin irin waɗannan gidajen. Na kalli ko ana wanke hannu da canza safar hannu tsakanin mutum da mutum, na tambayi yadda suka yi da ɓarkewar amai da gudawa ko ƙazuwa ta ƙarshe.

Yarjejeniya na ɗauke ta na tafi da ita gida, ban sa hannu a ofis ba. Kuɗin da ake faɗa a baki na ɗaki da abinci ne; kulawa tana da hawa-hawa, kowane hawa da kuɗinsa. Abin nema a takardar shi ne wa ke yanke cewa mutum ya tashi daga wannan hawan zuwa na gaba, da wane ma'auni, da ko iyali suna iya ƙalubalantar hukuncin. Sai abubuwan da ake caji daban, kamar famfas na manya, wanki, rakiya zuwa asibiti da raba magani. Sai kwana nawa ake ba da sanarwa kafin ƙarin kuɗi, da abin da ake biya idan mutum yana kwance a asibiti, da sharaɗin mayar da kuɗin ajiya. Sakin layi mafi nauyi shi ne wanda ya lissafa dalilan da za su sa gida ya ce a zo a ɗauki mutum. Idan an rubuta "idan buƙatarsa ta fi ƙarfinmu" kawai, nemi a fayyace: buƙatar mutum biyu wajen ɗagawa ce, ko kasa riƙe bayan gida, ko fita da dare? Na ɗora wannan jerin a kan abin da likita ya ce ana tsammani nan da shekara biyu. Abubuwa biyu kuma suna ɓuya a shafukan ƙarshe: sharaɗin da ke sa ka sarayar da damar zuwa kotu, da layin da ke mayar da kai mai lamuni da dukiyarka maimakon wakilin mahaifinka. Lauya ya karanta kafin biro ya taɓa takarda.

Duk wannan binciken ba ya maye gurbin ra'ayin mai zaman. Gidajen da suka tsallake, da Baba muka koma, ya ci abinci a can, ya zauna a kujerar ɗakin, ya yi hira da mazauna ba tare da ma'aikaci a kusa ba. Abin da ya dame shi daban ne da nawa: ƙarfe nawa ake tashinsa, ko zai iya rufe ƙofarsa, namiji ne zai yi masa wanka ko mace, ko akwai inda zai yi ibadarsa a natse. Na sa an rubuta amsoshin cikin tsarin kulawarsa, domin alƙawarin baki yana tafiya da wanda ya yi shi ranar da ya bar aiki. Gidaje da yawa suna yarda da zaman gwaji na mako biyu zuwa huɗu, kuma da shi muka fara.

Bayan ya koma, dubawar ba ta tsaya ba, sai dai ta koma kan jikinsa. Makonnin farko su ne mafi haɗari, saboda bai san hanyar banɗaki a duhu ba, ma'aikata kuma ba su san shi ba. Ina zuwa a lokuta mabambanta. Ina duba farcensa, bakinsa, dugadugansa, da ko tabarau da na'urar ƙara ji suna jikinsa ko suna cikin durowa. Ina kwatanta takardar magani da jerin da likita ya bayar, domin a lokacin ƙaura ne magani ya fi ɓacewa ko ya ninku. Tabo a gwiwar hannu ko ƙwauri abu ne da aka saba gani ga tsoho, amma tabo a cikin damtse, wuya ko cinya, ko mai siffar yatsu, sai an yi bayani a rubuce. Duk ƙorafi ina aika shi a rubuce da kwanan wata, in ajiye kwafi. Mun tsayar da zaman duba tsarin kulawa bayan wata ɗaya, daga nan duk wata uku, da kuma duk lokacin da ya faɗi, ya kwanta asibiti, ko aka canza masa magani. A kowane zama ina zuwa da nauyinsa na watannin baya da jadawalin masu kwana na watan da ya ƙare.